Haƙorin da Ya Yi Min Shiru Sau Biyu

Ni tela ne a Fagge, na haura shekara 20 a kan keke. Wanda ya san sana'armu ya san baki ma kayan aiki ne a wurinmu. A nan muke maƙale allura in hannu ya cika, da shi muke gutsure zare in almakashi ya yi nisa, shi ne kuma ke karɓar shayi kofi bayan kofi idan aka shiga ɗinkin Sallah ana kwana a shago. Mai shayin bakin layinmu ya haddace nawa, ba sai na yi magana ba: madara ta ji, sukari cokali uku, in ya ga idona ya yi ja ya ƙara na huɗu kyauta. Aswaki kam ba na wasa da shi, amma na gaba-gaba nake gogewa, waɗanda ake gani in an yi dariya. Na can ciki, matauna masu yin ainihin aikin, ban taɓa kula su ba sai da suka fara kula ni.

Na farko ya tafi tun shekarun baya, mataunin ƙasa na hagu. Da ya matsa min, wani abokina ya kai ni wurin mai cire tsutsa a bayan kasuwa. Mutumin ya ba ni wani ruwa mai ɗaci na kuskure baki na tofar a kwano, ya sa tsinke ya tsamo wasu 'yan fararen abubuwa guda uku ya nuna min, ya ce ga ɓarayin nan. Na biya, na yi godiya, har na ji kamar da sauƙi. Kwana biyu ciwon ya ɗora daga inda ya tsaya. Ƙarshe dai a wani ɗan shago aka fizge min shi, wurin wani mai farar riga da ban tambayi takardarsa ba, shi ma bai tambaye ni komai ba. Bai ce kada in kuskure baki ba, bai ce kada in yi ta tofar da yawu ba. Ina fitowa na tsuguna bakin kwata na kuskure jinin tas, na wuce wurin mai shayi na sha mai zafi don in ji ƙarfin jikina. Rana ta uku ramin ya ɗauki wani zugi da ya fi na haƙorin, ga wari har ni kaina ina jin sa. Na fi mako ina fama. Tun daga nan na ƙudurce a raina cewa duk abin da ya shafi taɓa haƙori azaba ce, gara mutum ya cije. Na koma tauna da dama kaɗai, na manta da zancen.

Na daman da wasa ya fara. In na kurɓi ruwa mai sanyi sai in ji tsit kamar an tsira allura, kafin in ce wash ya wuce. Sai ya koma riƙe abinci, duk cin nama sai na nemi tsinke. Harshena ya gano kogon tun kafin in yarda akwai shi. Haka muka yi ta lallaɓa juna har azumin 2023 ya kama. Wanda ke kasuwa a shekarar bai manta ba, an fito daga wahalar canjin kuɗi, jama'a sun yi jinkirin kawo ɗinki, sai kuma suka kawo shi gaba ɗaya. Yadi ya cika shagon har saman benci. A wannan tsakanin ne haƙorin ya ga dama.

Ciwon haƙori da dare yake ƙawance. Da rana, ana hayaniya ana taka keke, ana iya daurewa. Da ka sa haƙarƙari a ƙasa sai ya fara bugawa kamar ana daka a cikin muƙamuƙi, ya hau kunne, ya kama rabin kai, har ka rasa wane haƙorin ne ma a cikinsu, na sama ko na ƙasa. Na yi kwanaki ina barcin zaune, na jingina da buhun ƙyallaye. Ga azumi, ba damar haɗiyar magani sai an sha ruwa. Ba abin da ban cusa a kogon nan ba. Kanumfari, shi kam yana ɗan sanyaya wurin na ɗan lokaci. Tafarnuwa, gishiri, toka. Wani ya ce in danna ƙwayar asfirin a jikin dasashi, na danna, ta ƙona min wurin ya yi fari fat ya saluɓe. Wani mai gyaran babur ya rantse min da ruwan batir, har ya ɗebo min a murfin kwalba. Allah ya taimake ni na dubi yadda ruwan nan ya cinye masa gefen wando, na ce bari dai. A kemis kuwa an haɗa min kafso da ƙwayoyin kashe zafi, ina watsa su da sahur da buɗe-baki ba lissafi.

Ana shiga goman ƙarshe, wata safiya na tashi shiru. Na taɓa da harshe, ba komai. Na sha ruwan sanyi da magariba, ko gezau. Na yi hamdala, na ce ko addu'ar tahajjud ce, ko kafson ne ya yi aiki. Na gama ɗinkin mutane, aka yi Sallah ranar Juma'a 21 ga Afrilu, na ci tuwona na ci kajina.

Bayan Sallah da kamar mako biyu na fara jin haƙorin kamar ya fi 'yan uwansa tsawo. In na haɗe baki shi ke fara taɓawa, kuma taɓawar da zafi. Wani ɗan ƙurji ya fito a dasashin gefensa, yakan fashe ya zubo wani abu mai ɗanɗanon gishiri da ƙarni, ya lafa, ya sake cika. Wata ranar Talata na farka kuncina ya haye kamar na cusa goro biyu, ga zazzaɓi. Uwargida ta dube ni ta ce, “Maigida, yau kam ba shago.” Na fara kawo uzuri, ta kira ƙaninta, ma'aikacin jinya ne. Ya ce, “Yaya, kana iya haɗiyar yawu? Numfashi fa? Kumburin ya sauko ƙasan haɓa ko ya nufi ido?” Na ce a'a, a kunci yake. Ya ce to in tashi yanzu tun yana kunci, don in ya gangara ƙarƙashin harshe da wuya yana iya toshe hanyar numfashi, a nan kuma ba maganar haƙori ake yi ba, maganar rai ce. Wannan ce ta sa ni saka hula.

A sashen haƙori na asibitin na yanki kati na bi layi. Kafin a ce in buɗe baki an yi min tambayoyi sun fi goma: hawan jini, ciwon suga, gyambon ciki, ko akwai maganin da jikina ba ya so, ko jini na daɗewa bai tsaya min ba, me da me na sha. Na zazzage musu ledar kemis a kan tebur. Likitar mace ce, ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ta uku ba, har na ɗan raina a zuciyata, Allah ya yafe min. Ta ɗauki bayan ɗan madubinta tana ƙwanƙwasa haƙoran ɗaya bayan ɗaya. Da ta iso kansa sai da na ɗaga daga kujera. Sai ta ɗora wata auduga mai sanyi ƙarara a kan na kusa da shi, na zabura. Ta ɗora a kansa, ban ji komai ba. Na ce, “Kin gani ko, Likita, shi ba ya jin sanyi, ya warke ta nan.” Ba ta ce komai ba, ta tura ni hoto. Wani ɗan faifai ne ake sa maka a baki ka danne, kafin ka ƙifta ido an gama.

Da hoton ya fito ta nuna min saiwoyin haƙorin guda biyu, a ƙarshensu ga wani baƙin tabo kamar inuwa. Ta jawo takarda ta zana min haƙori. Ta ce na waje, farin nan, shi ya fi komai tauri a jikin ɗan Adam, har ƙashi. A ƙarƙashinsa akwai wani mai ɗan laushi, a can tsakiya kuma akwai ɗaki, cikinsa jijiya da hanyoyin jini, suna bin wasu siraran hanyoyi su sauka cikin saiwa har ƙashin muƙamuƙi. Ba wata tsutsa. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, suna cin sukarin da ya saura a baki suna fitar da tsami, tsamin ke narkar da haƙori sannu a hankali har kogo ya isa ɗakin. Lokacin da nake kwana zaune, jijiyar ce ta kumbura a ɗakin da ba shi da wurin buɗawa.

“Malam, ranar da ka ji shiru ba warkewa ka yi ba,” in ji ta. “Jijiyar ce ta mutu. Ta ruɓe a ciki, ruɓar ta bi saiwa ta fita ƙashi. Wannan inuwar ita ce.”

Na tambaye ta kafson da na sha fa. Ta ce magani jini ke kai shi inda za shi, cikin mataccen haƙori kuwa jini ya daina shiga. Kafso na iya rage kumburin kunci, amma gidan cutar na nan daram, sai an shiga an share shi ko an cire shi gaba ɗaya.

Na ce, “To a cire kawai, kowa ya huta.”

Ta ce ana iya cirewa, kuma shi ya fi araha nesa ba kusa ba, ba za ta ɓoye min ba. Amma ta ba ni madubi ta ce in dubi hagu. Ban taɓa lura ba: haƙorin da ke bayan giɓin ya kwanto gaba kamar katangar da damina ta ci, na samansa kuma ya zazzago ƙasa don ba abin da ke tare shi. Ta ce in aka cire na dama, da me zan tauna? Sannan ta yi min bayanin abin da suke kira rut kanal, mu kuma muke cewa kashe jijiya, ko da yake tawa ta riga ta kashe kanta. Za a huda haƙorin ta sama, a kwashe ruɓar, a wanke hanyoyin, a cike su, a rufe, daga baya a sa masa hula, wato suturar da ake kifa wa haƙori. Haƙorin zai zauna a wurinsa yana aiki, sai dai ba zai ƙara jin zafi ko sanyi ba. Ba ta yi min alkawarin ɗari bisa ɗari ba, ta ce mafi yawa suna yin kyau su yi shekaru, wasu kuma sai an sake. Da ta faɗi kuɗin, na aikin daban na hular daban, sai da na cire hulata na fifita kai. Na lissafa shi da manyan riguna nawa ne, na yi shiru. Uwargida da ke bakin ƙofa ta ce, “A yi, Likita.”

Abin da na fi tsoro allura. Ta fara shafa wani abu a wurin, sannan ta tsira can ƙuryar baki, bayan haƙori na ƙarshe. Zafinta bai kai harbin kunama ba ko kusa, kamar cizon tururuwa ne mai ɗan nauyi, sai gabana ya ɗan yi ta bugawa na minti ɗaya ko biyu, ta ce maganin ne, zai wuce. Bayan 'yan mintuna rabin leɓena na ƙasa da rabin harshe suka zama ba nawa ba. Ta ce in na ji zafi in ɗaga hannun hagu, kada in yi jarumta, don wurin da ke da kumburi wani lokaci ba ya karɓar allura da wuri, sai an ƙara. Sau ɗaya na ɗaga, ta ƙara.

Sai suka kawo wata 'yar shimfiɗar roba, aka huda ta aka fito da haƙorin shi kaɗai ta hudar, kamar yadda maɓalli ke leƙowa ta ƙofarsa, sauran bakin duk yana ƙarƙashi. Wai don kada yawu ya shiga inda ake wankewa, kada kuma wani abu ya faɗa maƙogwaro. Injin huda ya tashi da siririyar ƙararsa, yana fesa ruwa, yarinyar da ke taimaka mata tana zuƙewa da bututu. Ƙara ce da girgiza, ba zafi. Tana isa ɗakin sai wani wari ya taso, har ta cikin robar na ji shi, kunya ta kama ni. A daidai lokacin kuma na ji nauyin da ke muƙamuƙina kwana da kwanaki ya fara sauka, kamar an sassauta ɗaurin kaya.

Daga nan aikin ya koma irin namu, har na ji ina sha'awarsa. Ta buɗe wani ɗan akwati cike da siraran allurai masu kawuna launi-launi, kowane launi da kaurinsa, wasu sun fi allurar ɗinkin hannu sirantaka. Ta ce haƙoran gaba galibi hanya ɗaya gare su, matauna kuwa uku ko huɗu, shi ya sa suka fi cin lokaci da kuɗi. Nawa huɗu ta samu, ta huɗun sai da ta daɗe tana lalube. Akwai wata 'yar na'ura da ake maƙala wa allurar, tana ƙara tit, tit, in an kusa ƙarshen saiwa ta ƙara sauri. Likitar ta kira lamba, yarinyar ta rubuta, sak ni da yarona in ina awon riga, sai dai su da milimita suke awo. Ta sa ƙarama ta murza ta fitar, ta wanke da wani ruwa mai warin bilic, ta sa wadda ta fi ta kauri, ta sake wankewa. Haka, haka, fiye da awa ɗaya. In za a tambaye ni abin da ya fi wahala a ranar, riƙe baki a buɗe ne. Muƙamuƙina ya gaji likis, wuyana ya ƙage. Har gyangyaɗi na yi sau ɗaya, abin da na yi makonni ban samu ba.

Ba ta cike hanyoyin a ranar ba, saboda ruwan ciwo bai gama tsanewa ba. Ta zuba magani a ciki, ta toshe saman da cikon wucin gadi, ta ce in dawo bayan mako biyu. Ta ce kada in ci komai sai leɓen ya dawo, don mutane kan tauna leɓensu ko harshe ba su sani ba. A gida na ɗauki kofi zan sha ruwa ya bi ta gefen baki ya jiƙa min riga, yara suka yi ta dariya. Sai wajen awa uku bakin ya dawo. Kwana biyu zuwa uku haƙorin na ɗan tsami in na danna, na sha abin da ta rubuta, kumburin ya sace. Ran na huɗu na tashi garau.

To a nan ne na sake yin wautar da ta sa nake ba da wannan labari.

Ranar komawa ta zo, na ce sai jibi. Ana haka aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, kuɗin mota ya tashi, komai ya tashi, kuɗin da na ware wa hula ya shige cefane. Ga ɗinkin Babbar Sallah ya sako kai. Haƙori kuma shiru, ba ciwo ba kumburi. Zuciya ta ce min ai an riga an kashe jijiyar, sauran duk ƙarin cin kuɗi ne irin na asibiti. Sun kira ni a waya sau biyu, na farko na ce ina hanya, na biyu ban ɗauka ba. Cikon da aka ce na mako biyu ne ya yi ta zaizayewa, harshena na jin ramin na dawowa, na yi kamar ban ji ba. Uwargida ta yi magana har ta gaji ta zuba min ido.

Aka yi Layya ranar 28 ga Yuni. Kwana uku bayan nan ina zaune da soyayyen nama a gabana, irin wanda ya soyu ya yi ƙarau, na jefa tsoka a dama na datsa. Sai na ji ƙas. Na zaci ƙashi ne. Na tofo a tafin hannu, sai ga ɓallin haƙorina, fari da baƙi-baƙi a gefe, girman ƙwayar masara. Ba zafi ko kaɗan, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Kafin mako ya zagayo ɗan ƙurjin nan ya dawo wurinsa.

Na shiga ofishinta kamar ɗalibin da ya gudu daga makarantar allo aka kamo shi. Ta duba katin, ta dube ni.

“Malam, mako biyu na ce. Yau mako nawa?”

Na ce, “A yi haƙuri, Likita, hidima ce ta yi yawa.”

“Ni ba ka yi min laifi ba. Buɗe mu gani ko ya bar mana abin gyara.”

Ta daɗe tana dubawa da fitila da wani ɗan tsinken ƙarfe, aka sake hoto. Ta ce haƙorin da aka rarake cikinsa kamar ƙwarya yake, bango ne kawai ya rage, in aka ɗora masa nauyi ba hula dole ya tsage. In tsagar ta gangara cikin saiwa, ba sauran dabara sai cirewa, kuɗin da na kashe kuma ya bi ruwa. Ina kwance ina salati a zuci. Can ta ce na yi sa'a, gefe ɗaya ne ya ɓalle kuma a saman dasashi ya tsaya. Amma tunda cikon ya buɗe, yawu da ƙwayoyin cuta sun koma ciki, wankin da aka yi a baya ya tashi a banza. Aka koma farko. Zama biyu aka ƙara, da kuɗinsu.

A zaman ƙarshe ta busar da hanyoyin da wasu siraran tsinkayen takarda, sannan ta kawo wasu 'yan tsinkaye masu launin ɓawon lemo, masu laushi kamar roba. Ta ce sunansu gataparca, daga ƙaron wata bishiya ta can yankin Malesiya ake samo su, kuma an fi shekara 100 ana cike saiwar haƙori da su. Ta shafa musu wani abu kamar gam ta zura kowanne a hanyarsa, ta sa ƙarfe mai zafi ta yanke saman, na ji ƙaurin roba. Hoton ƙarshe ya nuna fararen layuka huɗu sun sauka har ƙarshen saiwa, tsaf kamar ɗinkin da aka bi alli. Ta gina gefen da ya ɓalle da ciko mai ƙarfi. Wannan karon ban bar asibitin ba sai da na karɓi ranar hula, na kuma biya rabin kuɗin don kada shaiɗan ya sake zuwa.

Ana cewa hula sai na tuna haƙorin Makka na Hajiyarmu, wanda ta dawo da shi daga aikin Hajji tana murmushi da gefe ɗaya don a gani. Dabarar kusan ɗaya ce, sutura ce ake kifa wa haƙori, sai dai nata ado ne da shaidar an je, nawa kuwa ɗaurin karaya ne. An ɗan feƙe haƙorin ta kowane gefe don hular ta samu wurin zama, aka cika wani ɗan faranti da abu mai laushi kamar ƙullin alkubus aka danna min a baki har ya daskare. Wannan ne ya kusa sa ni amai, ta ce in yi numfashi ta hanci in sunkuyo kaɗan. Aka tambaye ni ta ƙarfe zalla nake so, ko mai ƙarfe a ciki da farin tangaran a waje, ko wata fara gaba ɗaya da ta fi su tsada. Na ɗauki ta tsakiya. Suka kawo jerin haƙoran gwaji suna karawa da nawa don launi ya dace, yarinyar ta yi ta matsawa daga farare zuwa masu ruwan shayi, ni dai na kau da kai. Bayan kamar mako biyu hular ta iso. Aka gwada, aka sa min wata 'yar takarda mai shuɗi na cije, inda ya yi tudu aka goge, aka sake, har sai da na ce ban jin bambanci, sannan aka manne ta. Kwanaki kaɗan harshena na zuwa gaishe ta kamar baƙuwa, daga baya ya saba.

A cikin wannan zirga-zirgar ne na ba ta labarin cirewar farko. Ta ce jinin da ke daskarewa a ramin shi ne murfinsa, shi ke rufe ƙashi har nama ya tsiro. Shi ya sa ake cewa a cije auduga kamar rabin awa, kada a kuskure baki ko a yi ta tofi ranar farko, kada a sha abu mai zafi ko taba, sai washegari a fara ruwan ɗumi da gishiri a hankali. Ni kuwa na wanke murfin da hannuna na bi shi da shayi, ƙashi ya zauna a buɗe. Shekara da shekaru ina zagin cire haƙori, ashe rabin azabar ni na saya. Ta kuma sa aka yi min wankin haƙori, wanda da nake jin ana cewa yana sa haƙora su yi giɓi-giɓi su yi rauni. Abin da aka ɓamɓaro daga bayan haƙorana na ƙasa kamar ɓaraguzan siminti, shi ne ya cike tsakaninsu yana cin dasashi. Kwana biyu na ji iska na shiga, shi ke nan. Kan shayi kuwa ta ce ba yawan sukarin kaɗai ba ne, yawan kurɓar ne: kowace kurɓa sabon tsami ne, wanda ke kurɓa daga isha'i zuwa asuba bai ba haƙoransa hutu ko na awa ɗaya ba.

Bayan wata shida na koma da ƙafata ba a kira ni ba. Aka ɗau hoto ta jera shi da na farko. Inuwar nan ta ragu sosai, ta ce ƙashi ne ke cikowa, a hankali yake yi, wani har shekara ko fiye. Yanzu da dama nake tauna, har rake na gwada sau ɗaya uwargida ta ƙwace. Almakashi ƙarami na rataye a wuyana da igiya, yaran shago suna ce min Oga mai carbi. Mai shayi kuwa har yau in hira ta ɗauke shi sai ya zuba uku, in mayar masa ya sake haɗawa yana gunaguni.

Saura giɓin hagu. Ta lissafa min hanyoyi uku. Akwai na roba mai cirewa, a kwana da shi a kofi, shi ne mai sauƙin kuɗi. Akwai gada, a feƙe haƙoran da ke gefe biyu a ɗora musu huluna uku a haɗe, ta tsakiyar ta cike giɓin, sai dai an taɓa lafiyayyun haƙora ke nan, kuma nawa na bayan ya kwanta, sai an duba. Akwai dashe, a kafa ƙusar wani ƙarfe mai suna titaniyom a cikin ƙashi, a jira watanni ta kama, sannan a ɗaura haƙori a kai. Shi ta fi yabawa, in ƙashin wurin bai zaizaye da yawa ba, shi ne kuma kuɗinsa ya sa na yi dariya a gabanta. Na dai sayi asusu na ajiye a ƙarƙashin keke, duk rigar da na gama ina jefa wani abu. Sau biyu ina fasa shi, ɗaya kuɗin makarantar yara, ɗaya haihuwar ƙanwata. Wannan na uku ne, na gwangwani na sa aka yi min, mai walda ya like murfin.